Safar Hannun da Taisiya Fedotovna Ta Ɗinka

Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Taisiya Fedotovna Lapshina a asibitin garinmu, tana da shekara tamanin da takwas. 'Yarta Kira ce ta bugo mini waya. Ina tsaye a kicin da butar shayi a hannu, na ce mata to, na gode, na ajiye wayar. Ranar Alhamis muka binne ta. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In ɗauki alƙalami in ajiye, in sa takalmi in sauka ƙasa, in zaga gidan sau biyu cikin dusar ƙanƙara, in hawo in tarar da takardar fara fat yadda na bar ta.

Taisiya Fedotovna, yau sai kin yi haƙuri da ni, don ba yabo kaɗai na zo da shi ba. A cikin takardun aikinki akwai wani layi da aka rubuta a watan Maris na 1968, wanda ya ce ɗinkinki ya saki a lokacin gwaji har ya kusa halaka mutum. Mutumin nan ni ne, Yefim Kuzmich Dorokhov, kuma abin da aka rubuta ba gaskiya ba ne. Da layin nan kika yi ritaya, da shi aka sa ki a ƙasa. Zan faɗi yadda aka yi. Amma bari in fara da matar da na sani, don yaran yanzu ba su san ko ke wace ce ba.

Ina da shekara ashirin da huɗu aka ɗauke ni aiki a masana'antarmu, bayan na fito daga soja. Ranar farko muka sa hannu a takarda cewa bakinmu zai mutu da abin da muka gani. A gida an san rigunan ruwa muke yi da kwale-kwalen roba na masunta. Alhali kuwa rigar da mutuminmu zai sa ya taka duniyar wata muke haɗawa, Amurkawa na can suna tasu, kowa na neman ya riga wani. Aikina shi ne in shiga rigar a gwada ta a jikina, don kada a gwada ta a jikin wanda ya fi ni tsada.

Masu jawabi a rediyo suna ta maganar taurari da ɗaukakar ƙasa. Mu a sashenmu ba mu da lokacin taurari. Tambayoyinmu ƙanana ne, wasu ma ba a faɗar su a gaban baƙi. Mutum zai yi awa shida ko fiye a kulle cikin riga, ina zai yi fitsari? Gumi ya gangaro masa cikin ido, da me zai share? Jirgin da aka shirya mutum ɗaya tak zai saukar a kan wata. In ya yi tuntuɓe ya faɗi rigingine da uban kaya a bayansa, wa zai ɗaga shi? Wata uku cur na yi ana rataye ni da igiyoyi don a rage mini nauyi, ina faɗuwa da baya a kan yashi, ina mutsu-mutsu kamar ƙwaron da aka kifar, injiniyoyi na tsaye a kaina da agogo.

Duk cikin rigar babu abin da ya ba mu wuya irin safar hannu. A can babu iska, dole a hura rigar. In kuwa aka hura, yatsun safar sai su sandare, duk damƙar da za ka yi sai ka yi kokawa da su. In an yi ta da kauri, mutum ba zai ji ƙotar guduma a tafinsa ba. In an rage kaurin, rana ta gasa shi, inuwa ta daskarar da shi, tsinin dutse ya huda ta. Injiniyoyi su zana, su yi lissafi, su yi gardama har a tashi cin abinci. A ƙarshe su naɗe takardar su hau bene na biyu wurinki suna sosa ƙeya.

A benen nan na fara ganin ki, ranar da aka tura ni a auna hannuna. Kika kama shi kika juya, kika kira sauran matan ɗakin.

"Ku zo ku ga abin da aka aiko mana. Wannan hannu ne ko shebur? Fima, da me uwarka ta yaye ka, da buhun dankali?"

Suka yi ta dariya, ni kuwa kunnuwana suka yi ja. Shekara shida kacal kika ba ni, amma har kika bar duniya ban iya kiran ki da sunanki tsura ba, sai na haɗa da na mahaifinki. Ke kuwa Fima kike ce mini har furfura ta gama da kaina.

Ba zan manta da maganar hanci ba. Na yi ta kai kuka cewa in aka rufe ni a cikin kwalkwalin rigar, hancina yakan kama ƙaiƙayi har hawaye su zubo, ba halin susa. Injiniyoyi suka mai da ni abin tsokana, wai sojan da ƙaiƙayi ya ci da yaƙi. Ke ba ki yi dariya ba. Kika yanko ɗan guntu daga tsohon takalminki na ulu, kika manna shi daga ciki daidai inda hanci zai kai in an karkata kai. Da babban injiniyanmu Rodion Savelich ya gani, ya haɗa gira ya ce wannan abu ba ya cikin zane. Ko ɗago kai ba ki yi daga keken ɗinki ba kika ce masa, "To ka zana shi." Washegari kuwa ya zana.

Ɗakinku yana da nasa dokokin, waɗanda ba hukuma ta kafa ba. Ana ƙirga allurai da safe, a ƙirga da yamma, in tsinin guda ya karye ba mai tafiya gida sai an gano shi. Sannan kowace maɗinkiya tana da launin zarenta. In ta gama safa, sai ta yi ɗan ɗinki uku da launinta a cikin wuyan safar, inda ido ba ya kaiwa sai an juya. Ke kika kawo wannan al'ada. Kin ce wanda zai sa ransa a cikin abu ya kamata ya san hannun wa ya yi shi. Wasu matan sun yi gunaguni, suna cewa neman rigima ne. Naki zaren kore ne, kuma mu masu shiga rigar mukan juya wuyan safa mu duba, in mun ga kore sai hankalinmu ya kwanta.

Na sake tashi na zaga ɗakin. Abin da zan faɗa yanzu shi nake ta kewayewa tun ranar Alhamis, kai, tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan.

A watan Fabrairun 1968 na auri Nonna, Allah ya jiƙan ta. Zoben da ta sa mini a hannun dama 'yan kunnen kakarta ne aka narka, wani maƙeri a ƙauyensu ya ƙera shi, kuma inda ya haɗa bakinsa ya bar ɗan kaifi. Ranar biki tsohuwar ta ja ni gefe ta ce miji ba ya cire zobe kafin shekara ta zagayo, in ya cire auren ba zai yi ƙarko ba. A lokacin ina cikin masu yi wa camfe-camfen tsofaffi dariya a bainar jama'a. A cikin raina kuwa tsoro ya kama ni, don ina son Nonna kamar in yi hauka. Dokar gwaji a fili take, ba agogo, ba zobe, farce a yanke ƙarƙaf. Sai na riƙa riga ma'aikaciyar jinya shiga ɗakin sa kaya, in zura 'yar siririyar safar audugar da ake fara sawa daga ciki, in ta zo in miƙa mata hannu in ce na shirya. Sau biyu na yi haka aka fita lafiya.

Karo na uku aka sa ni a ɗakin ƙarfen da ake zuƙe wa iska, wanda muke kira tukunya. Aikin ranar shi ne in riƙe guduma in yi ta dukan dutse, kamar yadda za a yi a can. A bugu na ɗari da wani abu na ji sanyi ya soke ni a gindin yatsa, sai ƙararrawa ta ɗauka. Kafin su mai da iska cikin tukunyar hannuna ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Da aka buɗe bayan rigar aka jawo ni waje, na duƙa kamar zan yi amai, na tuɓe safar audugar, na fizge zoben da haƙora har da fatar yatsan, na ɓoye shi a kumatu. Kafin likita ya ce in buɗe baki na tofa shi cikin takalmina. Yatsu biyu na hannun ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba.

Bayan kwana huɗu kwamiti ya zauna. Hudar tana gindin yatsan zobe, daidai kan layin ɗinki. Aka juya wuyan safar aka ga kore. Rodion Savelich ya tambaye ni a gaban kowa ko akwai wani abu a hannuna ranar, na ce babu. Na san abin da ke jira na in na ce akwai. Kora ce da takardar da za ta rufe mini kowace ƙofa, ƙila har da kotu, ga ɗaki ɗaya da masana'anta ta ba mu ni da amaryata ko labule ba mu gama ratayawa ba. Aka miƙa miki safar. Kika daɗe kina duba ta da gilashin ƙara girma. Sannan kika ɗago kika dube ni, kallo mai tsawo, kika dubi hannuna da ke naɗe da bandeji.

"Zarena ne," kika ce. "Ba hannun da ya taɓa ta sai nawa."

Ni kuwa na fassara kallon nan yadda ya yi mini daɗi. Na ce a raina, matar da ta san kowane zare na safar nan ba za a ɓoye mata shatin zobe ba. Ta gane, ta tausaya wa sabon ango, ta ɗauke mini. Da wannan fassarar na rayu shekara hamsin da bakwai babu wata ɗaya.

Aka sauko da ke daga bene na biyu zuwa ɗakin ƙasa, inda ake ɗinka tamfol na rufe akwatuna. Aka cire hotonki daga allon gwanayen ma'aikata da ke bakin ƙofa. Shekara ashirin da uku kika yi kina tura tamfol a ƙarƙashin allura, da hannun da babu irinsa a masana'antar. A shekarar da ta biyo bayan gwajin nan Amurkawa suka taka duniyar wata. Namu shirin ya yi ta jan ƙafa har aka ce a daina, aka jera rigunan a akwatuna aka kai sito, kuma tamfol ɗin da aka lulluɓe su da shi daga kekenki ya fito. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba.

Maimakon ki guje ni, sai kika ƙara jawo ni a jiki. Duk shekara in sanyi ya kusa, sai ki aiko mini da safar ulu da kika saƙa, ta hannun dama an sakar wa yatsun nan biyu wuri. In kin dafa 'ya'yan itacen lambunki da sukari, kwalba biyu tamu ce. Ko a layin burodi muka haɗu sai kin kama hannun kin juya shi kin ce, "Yaya yatsun, Fima?" Nakan ce lafiya lau, in yi 'yar dariya, ina ɗauka tsokana ce irin ta mutum biyu masu sirri ɗaya. Da Nonna ta kwanta ciwon ajali, kullum sai kin hawo benenmu da tukunyar romon kaza, gwiwoyinki na ƙara. Da ta cika, ke kika wanke ta, ke kika toya wainar fulawa kika dafa alkama da zuma don masu zaman makoki. Nonna ta tafi ba ta san abin da zobenta ya yi ba, don ita ma ban gaya mata ba.

Ba wai ban yi niyya ba. Da aka sakar mana baki bayan ƙasar ta canza, aka fito da ɗaya daga cikin rigunan aka kai gidan tarihi, wani ɗan jarida ya zo neman waɗanda suka yi aikin. Kika ƙi yarda a ɗauki hotonki, kika ce a ɗauki Fima, shi ya sha wuyar. A makon nan na sayi kek na hau benenki. Kika dafa shayi, muka yi hirar kokwamba da ciwon gwiwa da tsadar magani, na tashi na tafi. Na yi irin wannan zuwan ya fi sau goma. Kullum a kan matakala nakan ce wa kaina, mene ne amfanin gaya mata abin da ta riga ta sani? Tsoro ne kawai, Taisiya Fedotovna, na sa masa rigar kunya.

Ranar Alhamis bayan mun dawo daga maƙabarta muka zauna cin abinci a gidanki. An ajiye ƙaramin kofi da yankan burodi a kansa gaban hotonki, kamar yadda muke yi wa mamaci. Kowa ya tashi ya faɗi alherinki, ni ma na tashi na ba da labarin guntun takalmi, aka yi dariya da hawaye. Can Kira ta zo ta zauna kusa da ni, ta dafa hannuna na dama kamar yadda kike yi.

"Kawu Yefim, akwai saƙonka. Ranar Lahadi da hankalinta ya ɗan dawo ta ce, ki ce wa Fima ya yafe mini yatsunsa."

Na ce mata ban gane ba. Sai ta ci gaba da magana a hankali, tana tsammanin ta'aziyya take yi mini. Ta ce tun tana yarinya, ko maɓalli kika ɗinka sai kin warware kin sake. Ta ce da za ta yi aure ta roƙe ki ki ɗinka mata rigar biki, kika ƙi, kika ce hannunki ba abin yarda ba ne, aka kai wa wata. Ta ce kin sha gaya mata cewa kin duba safar nan ranar kwamiti har idonki ya yi zafi, ba ki ga inda kika yi kuskure ba, kuma wannan ne ya fi ci miki rai. Da kin gani da kin gyara hannunki. Tun da ba ki gani ba, kowane ɗinki kika yi daga baya kina zargin sa.

Ashe ba ki sani ba. Ashe kallon nan na neman gafara ne. Ina zaune da cokali a hannu, na ji kamar an zuƙe iskar ɗakin. Kuma abin kunya, ko a wurin ban faɗa mata gaskiya ba. Na cinye abin da ke cikin kwanona, na yi sallama, na sauka.

Ranar Juma'a da hantsi na koma. Kira ta buɗe ƙofa da tsumma a hannu, tana goge-goge. Ban yarda na zauna ba, don na san in na zauna za a kawo shayi. A tsaye a bakin ƙofa na gaya mata komai, tun daga maganar kakar Nonna har abin da na ce wa Rodion Savelich. Ta saurare ni har na gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke tsumman gida huɗu.

"Kullum tana cewa in gaishe ka da kyau in mun haɗu, wai muna da nauyinka a kanmu," in ji ta. Sannan ta ce, "Ba ni za ka gaya wa a bakin ƙofa ba, Yefim Kuzmich. Ka rubuta, da sunanka. Ranar addu'ar kwana tara ka zo ka karanta a gaban matan da suka yi aiki da ita."

Tun da ta fara magana take ce mini Kawu. Ranar ce ta fara kira na da cikakken suna.

To ga shi na rubuta. Ni Yefim Kuzmich Dorokhov na shiga gwaji da zobe a hannu, na karya doka, na yi ƙarya a gaban kwamiti, na bar Taisiya Fedotovna Lapshina ta ɗauki laifina. Zan kai kwafin wannan takarda inda ake ajiye takardun tsoffin ma'aikata, in roƙi a liƙa ta a gefen waccan. Ban sani ba ko akwai wanda zai sake buɗe fayil ɗin har abada. Ranar Laraba, ranar addu'ar, zan tsaya in karanta a gaban mata ukun da suka rage daga bene na biyu, in ƙafafuna sun ɗauke ni, in ba su ɗauke ni ba a kai ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kira, da jikokinki Timofei da Zlata, da abokan aikinki da suka rage. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya sa albarka a bayanki. Ban ce su yafe mini ba, wannan nasu ne, in sun ga dama.

Ke kuma, Taisiya Fedotovna, kin aiko a ce in yafe miki. Ba ni da abin da zan yafe. Allah ya jiƙan ki, ya yi miki rahama, ya haskaka makwancinki, ya hutar da hannuwanki. Ya saka miki da alheri a kan kowace safa da kowane kwanon romo da kika kawo wa wanda bai cancanta ba. Kuma ina roƙon sa, tun da shi ya ga abin da ya faru, ya sanar da ke a can abin da na hana ki sani a nan. Ba ki yi kuskure ba ko ɗaya.